Kujera ta Biyu a Layi na Uku

Mutanena na wannan shafi, masu karatu a ɓoye da masu sharhi tun kafin su karanta, ina gaishe ku gaba ɗaya. Kai da ke ofis ka ɗaure fuska kamar aiki kake, kai ma na gan ka. Yau labarin mai barkwanci na kawo muku, amma kada kowa ya gyara baki. Ni kaina da na ji shi rasa yadda zan yi da fuskata na yi.

Kun san masu barkwancin nan da ke tsayawa su kaɗai a dandamali da makirfo su yi ta zuba? To akwai wani, Allura ake ce masa. Shekara goma ba ya taɓa kowa sai manya, wanda ya fi shan suka kuwa Ministan Ruwa. Shi ne ya ce, "Jama'a ku daina zagin Minista. Ya ce ruwa zai shigo kowane gida, kuma ya cika alkawari. Namu ta rufin kwano ya shigo." Wannan magana da ire-irenta suka kai shi gidan yari wata takwas, aka goge shafukansa kaf daga intanet. Aka buga fuskarsa a riguna, aka yi ta ihu har aka sake shi. Sati uku da fitowarsa aka sa wasan dawowa, Asabar ƙarfe huɗu na yamma. A ranar kuma za a sake ɗora bidiyoyinsa na shekara goma, waɗanda wuri ɗaya tak suka rage, cikin wani ɗan baƙin akwatin memori da bai fi tafin hannu ba.

Ƙarfe tara na safiyar Asabar aka buɗe zauren wasa. An fasa kyamara, akwatin kuma babu shi babu dalilinsa.

Kafin goma masoyan Allura sun cika layin. Wani ya tuna surukin mai gadi direba ne a ma'aikatar ruwa, shi ke nan shari'a ta ƙare. Yayar Allura, wadda ita ce manajarsa, ta yi dabara ta tura mai gadin cikin sito ta kulle don kada a taɓa shi, ta jefa makullin a jaka. Masu rigunan suka ce sun ji, amma in huɗu ta yi babu akwati, a ba su shi su tambaye shi da kansu. Kun dai san irin tambayar.

'Yan sanda? Wa zai kira wa Allura 'yan sanda? Sai ta kira Ƙasa-ƙasa.

Ƙasa-ƙasa dattijo ne, shekara talatin yana bin sawu. Da shanun sata ya fara, da gari ya cinye daji ya koma babura da awaki. Sunan ya samo asali ne daga yadda ba ya ɗaga kai. In kun gaisa yau gobe ba zai gane fuskarka ba, amma zai ce maka ka canza takalmi. Tun da matarsa ta rasu abu ya daina ba shi mamaki, ya daina ba shi haushi. Ya karɓi aiki, ya yi, ya koma gida ya zauna.

Ya tsaya a bakin zauren ya ce, "Kada wanda ya share."

Sa'arsa ɗaya, jiya an gyara silin, farar ƙurar filasta ta kwanta a ƙasa kamar an barbaɗa gari. Tsakiya duk an tattake, amma ta jikin bango sawu ɗaya ne ya shiga, shi ne kuma ya fita. Takalmin ofis ne, tsoho, an sake masa dunduniya. Ƙafar dama tana takawa, ta hagu tana jan ƙasa. Abin da ya tsayar da dattijon shi ne sawun bai nufi teburin da akwatin yake ba. Layi na uku ya shiga. Kujera ta biyu ce kaɗai babu ƙura a kanta duk zauren, ƙarƙashinta kuma ƙafa ta yi ta gogar ƙasa, gaba da baya, gaba da baya.

Ya ɗan ɗaga kai, abin da ba ya yi. Kyamara uku ce. Biyu masu kallon dandamali lafiyarsu ƙalau. Wadda ke kallon kujeru ce aka ragargaza.

"Baba, ka ga wani abu?" in ji Yaya.

"Ƙura."

Ya ƙwanƙwasa ƙofar sito. Daga ciki mai gadi ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi.

"Wallahi Baba shayi na je sha, bakwai zuwa bakwai da rabi. Surukin nan nawa ko gaisawa ba ma yi, ya raina ni!"

"Turo ƙafarka ta ƙarƙashin ƙofa."

Ƙafa ta leƙo, ƙatuwa, cikin takalmin roba. Ƙasa-ƙasa ya duba ya ce a mayar. Ba shi ba ne. Amma mutum ɗari uku da ke waje ba ƙafa suke jira ba, suna suke jira.

Allura yana zaune a bakin dandamali, ƙafafu na lilo. Ya rame, rigar wasan ta yi masa yawa. Ba ya fushi, ba ya kuka, kamar kayan maƙwabci aka sata.

"Wa kake zargi?"

"Baba, jerin maƙiyana ya fi jerin masu jiran ruwa tsawo."

"Yi min ɗaya daga cikin barkwancin da za ka yi yau."

Allura ya dube shi, ya miƙe a kasale. Amma yana tsayawa sai kafaɗa ta daidaita da kanta. "Ni a gidan yari na fara ganin famfo yana zuba. Na ce Allah sarki, ashe nan aka kawo alkawarin."

Ƙasa-ƙasa bai yi dariya ba. Idon Allura yake kallo. Yana sauke maganar idon ya tafi wuri ɗaya cikin kujerun da babu kowa, ya tsaya can yana jiran wani abu.

Daga nan dattijon ya nufi tashar mota wurin Guduma, shugaban 'yan dabar da ake ɗauka haya in ana son a tarwatsa taro. Ya same shi yana yanke farce da reza.

"Kyamara ɗaya?" Guduma ya ajiye rezar. "Baba, ka ci mutuncin sana'ata. Kujera nawa aka karya?"

"Babu."

"Gilashi?"

"Babu."

"To ka gani. Mu in mun shiga wuri, mai wurin ma sai ya tambayi hanya."

"In kun shiga kuna zama ku huta?"

"Mu zauna? Kallo muka je?"

Takalminsa irin na sojoji ne, kuma ƙafafunsa biyu ƙalau.

Saura Sikari. Shi ne ke buɗe wa Allura wasa a da, yanzu ya koma gabatar da tarukan gwamnati, yana yabon manya har su ji kunya. Yana cikin shagon aski an lulluɓe shi da zane, takalmi mai tsini yana ƙyalli a ƙasa.

"Ni in saci bidiyonsa? Baba, duk na haddace su. Faɗar ce ba zan iya ba, wuyana ɗaya ne kuma ina son abina." Ya juyo daga madubi. "Kuma bari in gaya maka abin da masu rigunan nan ba su sani ba. Barkwancin siyasa ba faɗar ce mai wuya ba, dariyar ce. Ka zagi Minista a gaban mutum ɗari biyar, kowa zai haɗiye dariyarsa yana satar kallon na kusa da shi. Dole wani ya fara. Kowannenmu yana da mai tayar masa da dariya a cikin 'yan kallo. Na Allura kuwa babu irinsa, Janareta muke ce masa. In ya ja sau ɗaya, kuf kuf kuf, sai zaure ya kama gaba ɗaya."

"Mene ne aikinsa?"

"Akawu ne. A ma'aikatar ruwa ma kuwa, ka ji ƙarfin hali. Na kwana biyu ban gan shi ba."

Ƙasa-ƙasa ya yi godiya ga takalmin ya fita.

Ƙarfe uku ya tara su a zauren aka rufe ƙofa: Yaya, Allura, Guduma da ya zo don kare sunan sana'arsa, Sikari da sabon aski, da mai gadi da aka fito da shi ta ƙofar ciki. Hayaniyar waje tana shigowa ta tagogi.

"Saura mutum ɗaya," in ji dattijon. "Yaya, kin kira Janareta?"

"Tun jiya. Na ce masa kujerarsa na nan. Me ya haɗa shi da wannan?"

Ba ta rufe baki ba aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Mutumin da ya shigo gajere ne mai furfura a gefen kai, rigarsa a goge, irin wanda za ka wuce a layin banki ba ka lura ba. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa.

"Kowa ya samu wuri ya zauna," in ji dattijon.

Guduma ya haye tebur. Sikari ya share kujerar gaba da hankici. Janareta kuwa ya bi ta jikin bango, dama na takawa, hagu na jan ƙasa, sabon sawu yana sauka a kan na safe kamar an auna. Ya shiga layi na uku ya zauna a kujera ta biyu. Sai da ya zauna ya lura kowa shi yake kallo.

Ƙasa-ƙasa ya je ya zauna kusa da shi, a ta uku, cikin ƙurar.

"Ka daɗe a nan da safe."

"Kamar minti ashirin."

"Me kake jira?"

"Ina jira in ji ko zan fasa." Ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan baƙin akwatin ya ɗora a gwiwa. "Na kai shi bakin kwata in jefa. Na kasa. Sai na ji an kulle bawan Allahn nan, shi ya sa na zo."

Mai gadi ya zauna daɓas a ƙasa. Yaya ta miƙe. "Kai? Kai da muke ci tare? Nawa suka ba ka?"

"Hajiya, ba wanda ya ba ni komai." Muryarsa a kwance take, kamar yana karanta takardar ofis. "Shekara goma duk maganar da ya faɗa, kyamarar can fuskata take nunawa. Shi yana faɗa, ni ina wage baki. Ranar da aka kama shi, washegari aka zo ofis da hotona. Wata huɗu na yi a wurinsu. Kullum sai su kunna min bidiyo su ce in yi irin dariyar su ji. In na yi su ce ba ta kai ba. Ƙafar nan can na baro ta."

Allura ya sauko daga dandamali a hankali. "An kama ka?"

"An kama ni."

"Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Sati uku da fitowarka, ba ka tambaya ba."

Allura ya juya ya kalli yayarsa. Ta kawar da kai. "Lokacin kai muke fafutuka a kai. Lauya ya ce kada mu raba hankalin jama'a biyu."

"Ba komai, Hajiya," in ji Janareta. "Ni ban nemi riga ba. Aikin ya tafi, na haƙura. 'Yata ce ta gama karatun jinya, sau biyu ana kiranta ganawar ɗaukar aiki, in sun ga sunan uba sai su ce ta je za a neme ta. Da aka goge bidiyoyin mutane sun fara mantawa da ni. Ranar Litinin za ta je ta uku. Sai ga wayarki jiya, wai yau za a ɗora su duka, in zo da dariyata." Ya shafa akwatin. "Dariyar ma babu ita. Na gwada a banɗaki, iska ce kawai take fita."

"To a yanke fuskarsa mana," in ji Guduma. "Ni da ban yi makaranta ba na san ana yi."

Sikari ya girgiza kai. "Fuska za ta yanku. Dariyar fa? Duk garin nan har mai sayar da gawayi ya san ta. Kuma in ka cire ta, abin da zai rage mutum ne tsaye yana zagin Minista cikin shiru."

A waje wani ya fara dukan ƙofa da tafin hannu. Huɗu saura kwata.

Janareta ya miƙa akwatin. Allura ya karɓa, ya juya shi, ya kalli bayansa kamar akwai rubutu. Sai ya kamo hannun mutumin ya mayar masa, ya danƙe masa yatsu a kai.

"Shekara goma ne fa!" in ji Yaya.

"Nasa ma goma ne," in ji Allura.

Saura na waje. Ƙasa-ƙasa ya san lissafin. In ya fita bai ce komai ba, mai gadi za su ɗauka. In ya faɗi abin da ƙasa ta gaya masa, akawun nan ba zai kai bakin titi ba. Shekara talatin abin da yake ci da shi ke nan, in ya ce sawu ya bi nan, to nan ya bi. Ya laluba zuciyarsa ya ji ko za ta ce wani abu, ya ji shiru kamar kullum. Ya miƙe ya kaɗe ƙurar wandonsa.

Da aka buɗe ƙofa hayaniya ta kwanta, don duk unguwar ba wanda bai taɓa nemo wa wani abu ba.

"Mai gadi ba shi da hannu," ya ce, idonsa a kan silifas ɗin na gaba. "Na duba ƙafarsa. Sawun ya fita ta baya ya hau kwalta. Kwalta ba ta riƙe sawu."

"Mutanen Minista ne!" wani ya yi ihu, sauran suka ɗauka.

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Guduma da ke bayansa ya ɗaga kafaɗa. "A sa a namu, Baba. Ɗaya ba za ta ƙara mana nauyi ba."

Mai gadi ya fito, waɗanda suka yi niyyar karya shi suna ta dafa masa kafaɗa suna ba shi haƙuri. Ta ƙofar baya kuma wani gajeren mutum ya fita yana jan ƙafa, ba wanda ya waiwaya. Ƙasa-ƙasa ya karɓi tsintsiya daga hannun mai shara, ya share jikin bangon nan da kansa, tun daga ƙofa har layi na uku.

Huɗu da rabi zaure ya cika har tagogi. Allura ya hau, aka yi tafi kamar rufin zai tashi. Ya jira aka lafa, ya gyara makirfo, ya saki ta famfon gidan yari.

Shiru.

Ba don ba ta yi daɗi ba. Dattijon yana tsaye a baya yana ganin kafaɗu suna motsi, kowa ya cika kumatu yana satar kallon na kusa da shi. Mutum ɗari biyar da suka yi wata takwas suna ihu da fuskarsa a ƙirji, aka rasa wanda zai fara. Allura ya kalli layi na uku. Wata mata ce a kujerar, ta ɗora jakarta a cinya tana duba waya.

Ya tsaya a haka, makirfo a hannu. Ƙasa-ƙasa ya sunkuyar da kai ya fita.

To mutanena, ga ku ga fili. Da kai ne a bakin ƙofar nan, mutum ɗari uku na jiran suna, sunan kuma yana kan harshenka, me za ka ce musu? Ke kuma mai saurin sharhi, da kina cikin zauren, ke za ki fara dariyar ko ta kusa da ke za ki jira?